Fim ɗin ungozomomi da ya shekara fiye da goma ana kallo: abin da ya zama tarihi a Ingila, yau ne a Matankari

Tun ranar 15 ga watan Janairun 2012 gidan talabijin na BBC yake nuna wani shiri mai dogon zango mai suna Call the Midwife, wato "a kira ungozoma". Ba fim ɗin yaƙi ba ne, ba na ƴan sanda da ɓarayi ba. Kusan kowace fitowa tana zagaye ne da mace mai naƙuda a cikin wani ƙuntataccen ɗaki, da ungozoma da ta taho bisa keke da jakar kayan aikinta a baya. Amma zangon farko kaɗai ya tara masu kallo fiye da miliyan goma a Birtaniya, shirin ya wuce fitowa ɗari, ana nuna shi a Amurka da wasu ƙasashe, kuma iyalai da yawa sun maida fitowarsa ta musamman ta ranar Kirsimeti al'adar kowace shekara.

Ga Baturen Ingila, wannan kallon baya ne, zamanin kakanni. Ga mutumin Arewa, daga Matankari zuwa Dogondutsi da Tibiri, yawancin abin da ke cikin shirin bai zama tarihi ba tukuna.

Daga ina labarin ya fito

Asalin shirin littafin tunawa ne na wata ma'aikaciyar jinya kuma ungozoma, Jennifer Worth, wadda ta yi aiki a unguwannin talakawa na gabashin Landan a shekarun 1950 tare da wasu matan zuhudu na cocin Angilika. Abin da ya sa ta ɗauki alƙalami shi ne wata maƙala da wata ungozoma mai suna Terri Coates ta wallafa a 1998, inda ta koka cewa adabi ya manta da ungozomomi. Littafin ya fito a 2002. Marubuciyar ta rasu a 2011, ba ta ga fitowar farko ba. Heidi Thomas ce ta maida shi wasan talabijin, ita kuwa Terri Coates ta zama mai ba da shawara a wurin ɗaukar shirin, don kada a nuna haihuwar da ungozoma ta gaske za ta gani ta yi tsaki.

Labarin ya soma a 1957 a unguwar Poplar, kusa da tashar jiragen ruwa. Gidaje cunkushe, iyali guda a ɗaki ɗaya ko biyu, makewayi na tarayya, tarin fuka, mazaje ƴan dako da ba su da tabbacin aikin gobe. A fitowar farko akwai matar da ke ɗauke da ciki na 25. Jennifer Worth ta ce a ƙarshen shekarun 1950 suna karɓar haihuwa 80 zuwa 100 a wata, amma zuwa 1963 adadin ya faɗo zuwa huɗu ko biyar, bayan shigowar ƙwayar tazarar haihuwa da tashin mutane daga tsofaffin gidajen.

Dabarar masu shirin ita ce kowane zango ya matsa gaba da shekara guda. Zango na 14, da aka nuna a 2025, ya kai 1970. Ta haka mai kallo yake ganin canji yana shigowa da kaɗan-kaɗan: allurar rigakafin shan inna, iskar rage zafin naƙuda, bala'in maganin thalidomide da ya sa aka haifi jarirai da naƙasassun gaɓoɓi a wajen 1961, zuwan ma'aikatan jinya daga Jamaika, har da labarin wata ƴar Somaliya da aka yi wa kaciya.

Abin da ke riƙe masu kallo

Ana yawan cewa kewar zamanin da ne ke jan mutane: tufafin da, kiɗan da, maƙwabtakar da. Akwai wannan. Amma da kewa ce kaɗai, da shirin bai kai zango na uku ba, domin zamanin da yake nunawa ba mai daɗi ba ne. Jarirai suna mutuwa a cikinsa, mata suna shan duka, ƴanmata suna rasa ransu wurin zubar da ciki a ɓoye.

Abin da ya fi kama zuciya shi ne yadda ungozomar take da matar. Ta san ta tun awon ciki na farko. Ta shiga gidanta ta duba ko ɗakin ya dace a haihu a ciki. Ta san halin mijin, ta san uwar mijin. Idan dare ya yi naƙuda ta tashi, aka buga waya, wadda ta zo ba baƙuwa ba ce. Bayan haihuwa kuma tana komowa kullum har kwanaki. Ba ta zagi, ba ta tambayar mace don me ta sake ɗaukar ciki cikin wannan talauci, ko da a ranta tana tambaya. A Ingila ta yau, inda kusan kowace haihuwa a asibiti ake yi kuma ungozomomi suna kukan ƙarancin ma'aikata, wannan sanayya ta zama abin marmari.

Dole a faɗi cewa shirin yana shafa wa gaskiya mai. Ungozomominsa sun fi na duniya haƙuri, kuma yawancin fitowa tana ƙarewa da muryar dattijuwa, ta ƴar wasa Vanessa Redgrave, tana kwantar da hankalin mai kallo. Amma ƙashin bayan labarin gaskiya ne. Hukumar lafiya ta ƙasar, wadda aka kafa a 1948, ta sa kulawar ta zama kyauta, kuma tun dokar 1936 hukumomin gari suke da alhakin samar da ungozomomi masu albashi da za su riƙa bin gidaje.

Alƙaluman da suka haɗa Poplar da Arewa

A tsakiyar shekarun 1930, a Ingila, kusan mace huɗu ke mutuwa cikin kowace haihuwa dubu. Zuwa farkon shekarun 1950 adadin ya sauko ƙasa da ɗaya cikin dubu. Cikin shekara ashirin ke nan, kuma ba don talauci ya ƙare ba, tunda Poplar ta 1957 tana nan cikin talaucinta. Abubuwa ƙalilan ne suka yi aikin: magungunan kashe ƙwayoyin cuta da suka karya zazzaɓin jego, ƙarin jini, allurar da ke matse mahaifa ta tsayar da zubar jini, ungozoma mai horo a kowace unguwa, da tawagar gaggawa da ke tasowa daga asibiti da jini da likita idan haihuwar gida ta rikice. Daga 1952 kuma suka soma binciken sirri a kan kowace macen da ta mutu wurin haihuwa, ba don hukunta wani ba, don a gano inda aka yi sake.

A Nijar, babban binciken ƙasa na 2012 ya nuna mata 535 ke mutuwa cikin haihuwa 100,000. Ƙiyasin hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya ba da 441. Wato huɗu zuwa biyar cikin dubu, kusan daidai inda Ingila take kafin saukowarta. Bambancin shi ne yawan cikin da mace ke ɗauka: binciken 2012 ya ba da ƴaƴa 7.6 ga kowace mace, na 2021 ya ba da 6.2. Kowane ciki sabon haɗari ne, don haka abin da mace ɗaya ke fuskanta tsawon rayuwarta ya ninka.

Matankari, tsohuwar mazaunin sarautar Arewa a cikin Dallol Mauri, ba ta kai kilomita 20 daga Dogondutsi ba, inda asibitin gunduma yake. A taswira kusa ne. Amma ƙaramar hukumar ba garin kaɗai ba ce. Akwai ƙauyuka da tungaye da rugage waɗanda hanyarsu rairayi ce da rani, laka da damina. Mace mai zubar jini bayan haihuwa tana iya cikawa cikin awa biyu. Idan aka haɗa lokacin da za a ɗauka kafin a yarda cewa abin ya fi ƙarfin gida, da lokacin neman izinin maigida idan ya tafi cin rani, da ɗaura amalanke ko neman babur, da jiran a samu jini bayan an isa, awa biyun ta daɗe da ƙarewa. Masana lafiya suna kiran wannan jinkiri uku: na yanke shawara, na hanya, da na samun kulawa. Idan kuma aka ce sai Dosso, wata tafiyar ce ta fiye da kilomita 130.

Ungozoma biyu, suna ɗaya

Kalmar ungozoma a Hausa tana ɗauke da mutum biyu da aikinsu ya sha bamban, kuma nan ne fassarar sunan shirin take iya ruɗar da mutum.

Ungozomar gargajiya, a yawancin ƙasar Hausa, ba ita ke karɓar haihuwa ba. Dattijuwa ce da ta daina haihuwa, wadda sau da yawa ake kira bayan jariri ya faɗo: ta yanke cibiya, ta binne mabiyiya, ta wanke jariri, ta kula da wankan jego, ta samu rabonta ranar suna. Naƙudar kanta, al'ada ta fi yabon macen da ta yi ta ita kaɗai bisa gwiwa, ba kuka ba raki. Kunya ta fi tsanani a cikin fari, wanda shi ne kuma ya fi haɗari, musamman ga yarinyar da ƙugunta bai gama buɗewa ba. Za ta iya kwana tana fama ba ta faɗa wa kowa ba. Daga irin wannan doguwar naƙuda ce yoyon fitsari yake fitowa, lalurar da ta sa aka buɗe cibiya ta musamman a Danja, kusa da Maraɗi, a 2012.

Ɗayar ita ce ungozomar likita, wadda Faransanci ke kira sage-femme. Tarihinta a wannan yanki ya soma da makarantar likitanci ta Dakar da Faransawa suka buɗe a 1918, inda ake horar da ƴanmata ƙalilan a rarraba su cikin yankunan mulkin mallaka. Fitacciya a cikinsu ita ce Aoua Kéita ta Mali, wadda aka tura Gao a 1931, daga baya ta zama ƴar majalisa, ta kuma rubuta tarihin rayuwarta da ya fito a 1975. Yau ana horar da su a cikin gida, a makarantun kiwon lafiya na Yamai da Damagaram da wasu masu zaman kansu. Ta Yamai tana ɗauke da sunan Damouré Zika, wanda shi kansa ma'aikacin jinya ne kuma ɗan wasan fim a fina-finan Jean Rouch, abin da ke nuna cewa a Nijar likitanci da kyamara sun daɗe da sanin juna.

Tsakanin biyun, tun shekarun 1960, daga yankin Maraɗi, gwamnati ta gwada gina gada: a zaɓi ungozomomin ƙauye a ba su ɗan horo da akwatin kayan aiki, su riƙa tsafta, su riƙa gane alamar haɗari. Daga baya manufa ta sauya, a Nijar da duniya baki ɗaya, aka ce aikinsu shi ne rako mace zuwa likita, ba karɓar haihuwa a gida ba.

Abin da Call the Midwife ke nunawa, wanda ya sa yake da daɗin kallo, shi ne waɗannan mutum biyu sun zama mutum ɗaya: mai ilimin asibiti kuma ƴar gida. A Arewa an raba su. Wadda aka sani, aka amince da ita, ba ta da magani a hannu. Wadda ke da magani sau da yawa baƙuwa ce, matashiya, an turo ta daga wani gari, wataƙila ita kanta ba ta taɓa haihuwa ba, kuma tana iya zama ita kaɗai ga dubban mata, dare da rana.

Masu bincike sun daɗe da rubuta wannan. A 1994 Yannick Jaffré da Alain Prual sun wallafa nazari a kan ungozomomin Nijar, inda suka nuna yadda aikin yake tilasta musu keta dokokin kunya da su kansu suka tashi a ciki, da yadda kowane ɓangare yake zargin ɗaya: mata suna kukan tsawa da wulaƙanci, ungozomomi suna kukan cewa ba a kawo mace sai ta galabaita. A 2003 Jaffré da Jean-Pierre Olivier de Sardan, na cibiyar bincike ta LASDEL da ke Yamai, suka fitar da littafi a kan rashin kyakkyawar tarba a cibiyoyin lafiya na Abijan, Bamako, Konakiri, Dakar da Yamai. Magana ɗaya mai zafi a ɗakin haihuwa tana yawo a bakin rijiya da gidan suna, ta hana mata goma zuwa.

Ratanga, mafi kusa da gida

Shirin da ya fi kusa da wannan duniya ba daga Landan ya fito ba, daga Dakar ne. C'est la vie!, wanda aka soma nunawa a 2015 a tashoshin A+ da TV5Monde, yana gudana ne a cibiyar lafiya ta wata unguwa ƙirƙirarriya mai suna Ratanga. Marguerite Abouet, ƴar Kodebuwa, tana cikin waɗanda suka ƙirƙiro shi, ƙungiyar RAES ta shirya shi da tallafin asusun Muskoka na Faransa, wanda a lokacin Nijar tana cikin ƙasashen da yake aiki. An juya shi zuwa harsunan yankin, har da Hausa, an kuma yi na rediyo.

Ba shirin tarihi ba ne, na yau ne, kuma ya yi abin da na Ingila bai cika yi ba: ya sa ungozoma mai baƙin hali a tsakiyar fage. Akwai Assitan, matashiya mai tausayi da ta shigo aiki da kyakkyawar niyya, akwai Korsa, mai tsawa da faɗa, wadda duk macen da ta taɓa zuwa awo za ta ce ta san irinta. Mai kallo yana dariya, yana jin haushi, kuma ya samu suna da zai kira abin da da ba a iya faɗa a gaban ma'aikata.

Ko irin wannan kallo yana shiga rayuwa? A Arewa akwai shaida, ko da yake daga wani fanni. Adeline Masquelier, masaniyar al'adu da ta shekara da shekaru tana bincike a Dogondutsi, ta rubuta a 2009 a kan yadda matasan Nijar suka rungumi Rubí, wani shirin soyayya na ƙasar Meziko. Abin da ta gano shi ne ba su ɗauke shi abin kashe lokaci kawai ba. Suna ɗaukarsa makaranta, suna muhawara a kan halayen mutanen ciki, suna auna su da nasu zancen aure da kuɗi da talauci. Mutanen da suka iya ciro darasi daga birnin Meziko ba za su kasa cirowa daga ɗakin haihuwa ba. Yanzu kuma hanyoyin sun ƙaru: faranti bisa rufi, hasken rana mai cajin waya, fina-finan da ake turawa a katin waya a kasuwa, da shirye-shirye masu dogon zango na Kano irin su Daɗin Kowa da Labarina, waɗanda suka koya wa masu kallon Hausa bin labari mako-mako. Sai dai waɗannan sun fi karkata ga soyayya, kishi, gado da siyasa. Haihuwa a cikinsu yawanci labari ne da ake kawo wa maigida a bakin ƙofa.

Arewa ta riga ta ba duniya fim ɗin tarihi guda. Sarraounia na Med Hondo, wanda aka ɗauko daga littafin Abdoulaye Mamani, ya ba da labarin turjiyar Sarauniyar Lugu ga rundunar Voulet da Chanoine a 1899, ya kuma ci babbar kyautar FESPACO a 1987. Wannan tarihin yaƙi ne. Tarihin haihuwa a yankin, wanda Barbara Cooper ta bi diddiginsa a littafinta na 2019 a kan Nijar, yana da nasa zangunan da za a iya jerawa shekara bayan shekara kamar na Poplar: zuwan ungozomar farko daga Dakar, akwatin ungozomar ƙauye, yunwar shekarun 1970 da ta 1984, ƙananan ɗakunan shan magani da aka gina a ƙauyuka daga 2001, makarantun mazaje da aka soma a jihar Damagaram don jawo magidanta cikin zancen awo da haihuwa.

Abin da ya riga ya motsa

A ƙarshen 2005 gwamnati ta maida tiyatar ciro jariri kyauta, a 2006 aka ƙara da awon ciki, tazarar haihuwa da maganin yara ƴan ƙasa da shekara biyar. Tsarin ya sha fama da jinkirin biyan cibiyoyin lafiya kuɗinsu daga baitulmali, abin da ya sa magani yakan yanke, kyautar ta koma takardar sayo magani a waje. A watan Agustan 2024 hukumomi suka sanar da rage kuɗin asibitocin gwamnati da rabi, tare da maida haihuwa kyauta, daga 1 ga Satumba.

Abin da ya fi kama da juyin Ingila na shekarun 1940 shi ne yaƙi da zubar jini bayan haihuwa, wanda ya daɗe yana kan gaba wurin kashe masu jego. Daga wajen 2014 ma'aikatar lafiya, tare da ƙungiyar HDI, ta baza wani tsari mai mataki uku a faɗin ƙasa. Da farko ƙwayar misoprostol, wadda ba ta buƙatar firiji, don matse mahaifa. Idan jini bai tsaya ba, a saka wani ɗan balan-balan a cikin mahaifa a cika shi da ruwa ya danne jijiyoyin. Idan mace ta soma suma, a naɗe ta da wata riga mai matse ƙafafu da ciki, wadda ke tura jini zuwa zuciya da ƙwaƙwalwa har a isa inda za a yi ƙarin jini ko tiyata. Sakamakon da mujallar Lancet Global Health ta wallafa a farkon 2023, bayan bin haihuwa fiye da miliyan ɗaya, ya nuna mutuwa ta dalilin zubar jini a cibiyoyin lafiya ta ragu da fiye da rabi.

Dukkan matakan uku ungozoma ko ma'aikacin jinya na ƙaramar cibiya zai iya yin su, ba sai babban likita ba. Rigar matsin kuma an yi ta ne musamman don hanya irin ta tsakanin ƙauyukan Matankari da asibitin Dogondutsi, domin tana saya wa mace awoyin da amalanke da rairayi suke cinyewa. Sharaɗinta ɗaya ne, a kawo matar inda rigar take, kuma wadda ta fi kowa iya sa a kawo ta da wuri ita ce dattijuwar nan da ake kira yankan cibiya.